Me ya kai Sifaniya ƙetaren teku, kuma me ya karya daularta?

Ɗan'uwa, abu biyu ka tambaya: me ya ingiza Sifaniyawa suka tsallaka teku suka mamaye ƙasashen mutane, kuma me ya kawo ƙarshen daular tasu. Ka ƙara da cewa ka ji ana faɗin Ingila ce ta karya su a yaƙin teku na 1588. Bari in fara kawar da wannan, don ita ce maganar da ta fi yawo a bakin ɗalibai. Gaskiya ne jiragen yaƙin da Sarki Filib na Biyu ya tura su mamaye Ingila sun sha kashi, guguwa kuma ta ƙarasa da yawansu a hanyar komawa gida. Amma cikin 'yan shekaru ya sake ƙera wasu. Azurfar da ke shigowa daga nahiyar Amurka ma a shekarun 1590 ta kai ƙololuwarta, kuma Meksiko da Peru sun ci gaba da zama a hannun sarkin Sifaniya fiye da shekara 230 bayan wannan yaƙi. Raunin Sifaniya a Turai daban, kuɓucewar ƙasashen da ta mallaka daban, kuma tsakanin su biyun akwai fiye da ƙarni ɗaya da rabi. Wanda ya cakuɗa su ba zai gane komai ba.

Dalilin fitarsu, daga Andalus za ka fara neman sa. Musulmi sun shiga ƙasar a 711, daga baya masarautun Kiristoci na arewa suka riƙa ƙwace garuruwa ɗaya bayan ɗaya: Toledo a 1085, Ƙurɗuba a 1236, Ishbiliya, wato Sevilla ta yau, a 1248, har Garnada ta miƙa wuya ga Sarauniya Isabela da mijinta Sarki Fardinand ranar 2 ga Janairun 1492. Ƙarnukan nan na yaƙin kan iyaka sun raini wani irin mutum. Ƙaramin basarake ne ko ɗan talaka wanda ya tashi ya ga hanyar ɗaukaka guda ce: doki da takobi. Ka ci gari, ka fitar wa sarki humusin ganima, shi kuma ya ba ka ƙasa da mutanen da za su noma maka ita. Da Garnada ta faɗi, wannan sana'a ta ƙare a cikin gida, mayaƙan kuwa suna nan da ransu da kwaɗayinsu. Yarjejeniyar da aka ƙulla da Kolumbus, matuƙin jirgin ruwan da ya kai su nahiyar Amurka, a watan Afrilun 1492, a Santa Fe aka sa mata hannu, sansanin da aka gina musamman don yi wa Garnada ƙawanya.

Sai maganar kuɗi, kuma nan yankinmu ya shigo. Turai a lokacin tana fama da ƙarancin zinariya, kuma kaso mai yawa na wadda take samu daga Afirka ta Yamma yake fitowa, raƙuma su ƙetara Sahara da ita zuwa Maroko da Tunis. Akwai taswirar da aka zana a tsibirin Majorka wajen 1375, an nuna Mansa Musa na Mali zaune a kan karaga riƙe da curin zinariya. Sun san inda dukiyar take, sun kuma san cewa masoro da kanumfari da kirfa daga gabas suke zuwa ta hannun fataken Musulmi da na Venis, kowa na ɗora ribarsa. Fotugal ta riga su neman hanyar zagaye: ta gina ganuwar Elmina a gabar Ghana ta yau a 1482, jiragenta suka kewaya ƙarshen kudancin Afirka a 1488. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, a yarjejeniyar Alcacovas ta 1479 Sifaniya ta riga ta amince ta bar wa Fotugal gabar Afirka kudu da tsibiran Kanari. Ƙofar kudu a rufe take, saura ta yamma. Shi ya sa aka saurari Kolumbus, duk da masanan fada sun gaya wa sarauniya lissafinsa na girman duniya kuskure ne, kuma su ne da gaskiya. Sin da Japan ya fita nema, ya ci karo da nahiyar da ba ta cikin lissafinsa.

Addini fa? Wasu na cewa fakewa kawai aka yi da shi. Ban yarda ba. Mutanen da suka kori Yahudawa a 1492, suka tilasta wa Musulmin Kastil, masarautar Isabela, shiga Kiristanci ko barin ƙasa a 1502, da gaske suke ganin Allah ya ɗora musu aikin shigar da duniya cikin cocinsu. Fafaroma Alezanda na Shida ya ba su ƙasashen yamma a 1493 bisa sharaɗin su yaɗa addini, sannan a Tordesillas a 1494 suka ja layi a teku suka raba duniya da Fotugal, ba tare da an tambayi ko mutum ɗaya daga cikin masu ƙasashen ba. Bernal Diaz, wani sojan Cortes wanda ya ci Meksiko da yaƙi, ya faɗi abin a fili a tsufansa: sun je ne don bauta wa Allah da sarki, su haskaka wa waɗanda ke cikin duhu, su kuma yi arziki kamar yadda kowa ke so. A zuciyarsa waɗannan ba sa karo da juna.

Ga misalin yadda abin yake a aikace. Daga 1513 an tsara wata takarda da doka ta ce a karanta wa mutanen gari kafin a kai musu hari. Takardar ta faro daga halittar Adamu, ta bi ta kan yadda Fafaroma ya ba sarkin Sifaniya ƙasarsu, ta ƙare da cewa in ba su miƙa wuya ba za a yaƙe su, a bautar da matansu da 'ya'yansu, kuma alhakin jinin yana wuyansu. Da Sifaniyanci ake karanta ta, sau da yawa ba tafinta, wani lokaci daga kan jirgi, wani lokaci a gaban bukkokin da masu su suka riga suka gudu daji. Wannan zalunci ne da aka sa wa rigar shari'a. Sai dai cikin wannan cocin dai aka sami waɗanda suka tsaya suka ce a'a. Antonio de Montesinos ya hau mumbari a tsibirin Hispaniola a 1511 ya gaya wa masu gonaki cewa suna cikin zunubi mai halakarwa saboda yadda suke kashe mutane da aiki. Bartolome de las Casas ya shafe shekaru kusan hamsin yana wannan gwagwarmaya, har aka fitar da sababbin dokoki a 1542 don rage ikon masu riƙe da 'yan ƙasa. Da wakilin sarki ya je Peru zai aiwatar da su, Sifaniyawan can suka yi bore suka kashe shi a 1546. Ka riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Sarki ba shi ya biya kuɗin yawancin yaƙoƙin nan ba. Mutum ne zai sayar da abin da ya mallaka, ya ci bashi, ya tara abokan tafiya kowa da rabonsa, sarki ya ba da takardar izini ya jira humusinsa. Cortes da Pizarro duk 'yan Extremadura ne, yanki mai fatara, Pizarro ko karatu bai iya ba. Cortes ya bar Kuba a 1519 da mutum kusan 500 bayan gwamnan tsibirin ya janye masa izini. Kada ka yarda da labarin cewa 'yan ɗaruruwan nan su kaɗai suka rusa daular Aztek ta Meksiko. Dubban mayaƙan Tlaxcala da wasu garuruwan da suka gaji da harajin Aztek ne suka yi mafi yawan yaƙin, agana kuma ta shiga birnin Tenochtitlan a 1520 ta yi ɓarna kafin ya faɗi a watan Agustan 1521. Pizarro shi ma ya iske daular Inka ta Peru ta fito daga yaƙin basasa tsakanin 'yan'uwa biyu, ya kama sarkinta Atahualpa da yaudara a Cajamarca a Nuwamban 1532 da mutum 168. Atahualpa ya cika ɗaki da zinariya don fansar kansa, suka narke ta suka raba, suka kashe shi.

Ganima ƙarewa take yi. Abin da ya mayar da fashin nan daula mai ɗorewa shi ne azurfa: dutsen Potosi a Bolibiya ta yau a 1545, da Zacatecas a Meksiko a 1546. Potosi yana kan tsauni mai tsayin kusan mita 4,000, wurin da sanyi ya hana noman kirki, amma a farkon ƙarni na 17 an ƙiyasta mazaunansa sun kai kusan 160,000. A shekarun 1570 wakilin sarki Francisco de Toledo ya kafa tsarin aikin tilas da ake kira mita: kowace shekara larduna 16 za su aiko da kashi ɗaya cikin bakwai na mazansu, kusan mutum 13,000. Dattawanmu da suka ga ɗiban gwamna zuwa haƙar kuza a Jos lokacin yaƙin duniya na biyu sun ɗanɗani irinsa, sai dai na Potosi ya ɗauki fiye da shekara 200. Wani limamin coci da ya shiga ramukan a lokacin ya bayyana yadda mutane ke hawowa uku-uku a kan tsanin igiyar fata, kowa da nauyin dutse ɗaure a baya, na gaba da kyandir ɗaure a babban yatsa saboda hannu biyu yake buƙata ya riƙe tsani. A waje kuma ana cuɗa garin dutsen da zaiba don tace azurfar, zaibar da ake haƙowa a Huancavelica, inda gubarta ke cinye ma'aikata. Cututtuka da aikin tilas sun rage mutanen tsakiyar Meksiko da abin da masana da yawa ke ƙiyastawa kashi 80 zuwa 90 cikin 100 a ƙarni guda. A tsibirai irin su Hispaniola da Kuba kuwa 'yan ƙasa sun kusa ƙarewa ƙaf, shi ya sa tun 1518 aka ba da izinin kwaso bayi kai tsaye daga Afirka. A ƙarshen 1521 bayi 'yan ƙabilar Wolof suka yi bore a gonar rake ta ɗan Kolumbus.

To, ina dukiyar ta tafi? Nan ne amsar rabin tambayarka ta biyu.

A 1516 sarautar Sifaniya ta faɗa hannun Charles, jikan Isabela, ɗan gidan Habsburg, wanda ya gaji Holan da Beljiyam da wasu sassan Italiya, ya kuma sayi ƙuri'un zama sarkin sarakunan Jamus a 1519 da rancen attajiran gidan Fugger. Daga ranar nan azurfar Amurka ta zama kuɗin yaƙin gidan Habsburg: da Faransa, da Daular Usmaniyya, da 'yan Furotesta na Jamus, da Holan wadda ta yi tawaye daga 1568 har 1648. Kuma ba jira ake ta iso a kashe ba. Ka san manomin da ke cin bashi a kan hatsinsa tun yana fure, ranar girbi mai bashi na tsaye a bakin gona da buhunansa? Haka sarakunan nan suka yi. Attajiran Jamus da na Genoa su biya sojoji a Beljiyam yau, a jinginar musu da azurfar da za ta sauka a Sevilla baɗi ko baɗin baɗaɗa, da ruwa mai yawa a kai. Filib na Biyu, sarkin da ya fi kowa dukiya a Turai, ya kasa biyan bashi a 1557 da 1560 da 1575 da 1596, magadansa suka maimaita a 1607 da 1627 da 1647 da 1652. Bayan na 1575 albashi ya yanke wa sojojin da ke Beljiyam, a Nuwamban 1576 suka afka wa Antwerp, birnin sarkinsu kuma babbar kasuwar arewacin Turai, suka kashe dubban mutane suka wawashe shi. Wannan ɗanyen aiki ya haɗa kan lardunan yankin, Katolika da Furotesta, a kan Sifaniya.

Wani abin da ake mantawa: ko a lokacin da azurfar ta fi yawa, ba ta wuce kusan kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗin shigar sarki ba. Sauran daga jikin talakan Kastil ake tatsa, don masu sarauta ba sa biyan harajin kai. Farashi ya yi ta hawa, har wani malamin Salamanca, Martin de Azpilcueta, ya rubuta a 1556 cewa yawan kuɗin da ke shigowa ne ke jawo tsadar kaya. Tufafin da aka saƙa a Segovia suka fi na Holan da Ingila tsada, masaƙa suka durƙushe, mai ɗan jari ya gwammace ya ba gwamnati rance ya zauna yana karɓar ruwa a kan ya buɗe sana'a. Doka ta ce duk cinikin Amurka ta Sevilla zai bi, a ayarin jirage masu rakiya, amma a ƙarshen ƙarni na 17 akasarin kayan da ke cikin jiragen na Faransa ne da Holan da Ingila, ɗan kasuwar Sifaniya sunansa kawai ake ara. Fasa-ƙwauri ya cike sauran giɓin. A kan wannan rauni aka kori Musulmin da aka tilasta wa Kiristanci, kusan mutum 300,000, tsakanin 1609 da 1614, Valencia ta rasa kusan kashi ɗaya cikin uku na mutanenta, yawancinsu manoma. Daga nan asara ta biyo asara: 'yan Holan sun kama ayarin azurfa sukutum a gabar Kuba a 1628, Fotugal, wadda a lokacin take ƙarƙashin sarkin Sifaniya, ta ɓalle a 1640, Ingila ta ƙwace Jamaika a 1655, a yarjejeniyar Utrecht ta 1713 kuma Sifaniya ta rasa Beljiyam da yankunanta na Italiya da Jibralta.

Duk da haka ƙasashenta na nahiyar Amurka ba su kuɓuce ba, kuma wannan ne ya fi ba ni sha'awa a tarihin nan. Ka tuna wakilin sarkin da aka kashe a 1546? Fada ta ɗauki darasi: ba za a iya mulkin mutanen da ke tafiyar watanni a teku da ƙarfi ba, sai da lallashi. In umarni ya iso wanda zai ɓata wa manyan gari rai, jami'i zai sumbaci takardar, ya ɗora ta a kansa don girmamawa, ya ce ya yi biyayya amma ba zai aiwatar ba, sannan ya rubuta wa sarki dalili. Kafin amsa ta dawo an yi shekara biyu. Da aljihun sarki ya bushe, sai ya fara sayar da muƙamai, daga 1687 har da kujerun manyan kotuna, 'ya'yan Sifaniyawa haifaffun can suka saye su. Ma'ana, a lokacin da Sifaniya ta fi rauni, masu ƙasa da ma'adinai na Lima da Meksiko su ke mulkin kansu da sunan sarki, ba su da dalilin tawaye. Sun ma kare daular: rundunar Birtaniya mai girma ta kasa cin Cartagena da ke Kolombiya ta yau a 1741.

Gyara ne ya ɓata wannan zama. Bayan Birtaniya ta kama Havana da Manila a 1762, Sarki Charles na Uku na gidan Bourbon ya ƙudurta sai ƙasashen nan sun biya kuɗin tsaronsu sun kuma ciyar da Sifaniya. Ministansa Jose de Galvez ya ƙara haraji, ya tsaurara karɓarsa, ya cike manyan muƙamai da mutanen da aka aiko daga Sifaniya. An kori limaman Jesuit a 1767, da yawansu 'ya'yan manyan gidajen can ne. Kuɗin shiga ya ƙaru ƙwarai, amma mutumin da kakanninsa suka yi shekara 200 a Meksiko ya wayi gari baƙon da ya sauka jiya yana ba shi umarni. A 1780 Tupac Amaru na Biyu ya tayar da babban bore a Peru, aka murƙushe shi da mugun kisa. Boren ya tsorata fararen fatar can, haka ma juyin juya halin bayi na Haiti daga 1791, sai suka haɗiye fushinsu suka manne wa sarki. A 1804 gwamnati ta ƙwace kuɗaɗen coci da masu gonaki ke rance a ciki, ta tilasta musu biya nan take. A 1805 jiragen yaƙin Sifaniya suka halaka a Trafalgar. Da Birtaniya ta kai wa Buenos Aires hari a 1806, wakilin sarki ya gudu, mutanen gari suka kori maharan da kansu, suka sake korar su a 1807, suka gane ba sa buƙatar kowa.

Igiya guda ta rage, ita ce mubaya'a ga sarki, Napoliyon kuma ya tsinke ta a 1808 lokacin da ya tsare Fardinand na Bakwai ya ɗora Yusuf Bonaparte, ɗan'uwan shi Napoliyon ɗin, a kan karaga. Tambaya ta taso a kowane birni: in babu sarki, wa ke da iko? A 1810 Caracas da Buenos Aires da Bogota da Santiago suka kafa majalisun kansu, da farko da sunan riƙe wa Fardinand amana, a Meksiko kuma limami Miguel Hidalgo ya tayar da talakawa. A ganina har a lokacin ana iya sasantawa, don tsarin mulkin Cadiz na 1812 ya ba mutanen ƙasashen nan kujeru a majalisa. Fardinand ya dawo a 1814 ya yage shi, ya tura soja kusan 10,000 Venezuela da Kolombiya, kashe-kashen da suka yi ya mayar da masu neman gyara masu neman 'yanci. Cikin jagororin neman 'yancin, Bolivar ya yi nasara a Boyaca a 1819, San Martin ya ƙetara tsaunukan Andes a 1817 ya shiga Lima a 1821. Rundunar da aka tara a Cadiz don ƙwato ƙasashen ita kanta ta yi bore a Janairun 1820 ba ta hau jirgi ba. Meksiko ta ɓalle a 1821, aka ƙarƙare a yaƙin Ayacucho a Peru ranar 9 ga Disamban 1824. Yawancin sojojin da suka yi wa sarki yaƙi a ranar 'yan Peru ne, abin da ke nuna maka yaƙin basasa ne tsakanin mutanen nahiyar kamar yadda yake yaƙin 'yanci.

Kuba da Puerto Rico sun zauna, musamman don masu gonakin raken Kuba sun fi tsoron bayinsu a kan harajin Madrid, ba a ma soke bauta a can ba sai 1886. Ƙasar Amurka ta raba Sifaniya da su a yaƙin 1898, ta haɗa da Guam, ta biya dala miliyan 20 ta karɓi Filifin. Abin da ya saura yana nan Afirka. Tsibirin Fernando Po, wanda Sifaniya ta karɓa daga Fotugal a 1778, dubban 'yan Najeriya, yawancinsu daga kudu maso gabas, suka yi ƙwadago a gonakin kokonsa, ya zama ɓangaren Equatorial Guinea da ta sami 'yanci a 1968. A arewacin Maroko mayaƙan Abdulkarim Al-Khattabi sun karkashe dubban sojojinta a Annual a 1921, ta bar yankin a 1956 amma ta riƙe Ceuta da Melilla har yau. Yammacin Sahara kuwa ta tattara ta fice a 1975 zuwa 1976, lokacin da shugabanta Janar Franco ke gargara ya kuma mutu, ba tare da ta gudanar da ƙuri'ar jin ra'ayin da ta yi wa Saharawa alkawari ba, kuma rikicin da ya biyo baya tsakanin Maroko da ƙungiyar Polisario har yanzu ba a warware shi ba.